Kilomita 21 nan da mako 12: in yi rajista ko in haƙura?

Baban Hanifa: Salamu alaikum. Shekarata 38, nauyina kilo 91. Wata huɗu ke nan ina fita bayan Asuba, daga Kabuga in bi titin Gwarzo. Kilomita 7 ne iyakata, kuma daga na biyar gwiwar hagu take fara yi min tsami. Akwai rabin gudun fanfalaki, wato tseren kilomita 21, da nake son shiga, ranar Juma'a za a rufe rajista. Uwargida ta tuna min ni na zo na ƙarshe a gasar makaranta, wasa take yi amma maganar ta zauna min. Wanda ya taɓa yi, mako 12 zai ishe ni?

Ɗan Fagge: Fara da takalmi. Ƙofar Wambai, gwanjo mai kyau dubu 18.

Na Zariya: Dubu 18 a wace shekarar? Makon jiya 35 aka ce min, da ƙyar ya bari 30.

Ɗan Fagge: To ka je da shadda da ƙamshin turare, ai dole.

Tsohon Soja: Ƙanina, bari in ba ka nawa. Wata biyar na yi ina shiri, har tuwon dare na rage. Aka ce ƙarfe shida da rabi za a tashi. Muka tsaya a layi muna jiran babban baƙo har tara saura, rana ta riga ta buɗe. A kilomita 12 na iso teburin ruwa, babu komai sai robobi a ƙasa, na gaba sun shanye. Wata yarinya mai tallan ruwan leda ce ta cece ni, ko sisi babu a jikina ta miƙo min biyu. Na ƙarasa a awa 2 da minti 51, suna naɗe rumfa, lambar yabo ta ƙare. Aka rubuta sunana a bayan wata takarda wai za a aiko. Bayan sati biyu farcen babban yatsana ya yi baƙi ya fita. Shi kaɗai na samu.

Na Zariya: Allah ya saka maka, Oga. Nawa ka biya?

Tsohon Soja: Dubu 10, ban da mota da masauki.

Ɗan Fagge: Wanda muka yi kyauta ne, har riga aka ba mu.

Koci: Mako 12 yana yiwuwa. Fita uku a mako, ɗaya doguwa, ka riƙa ƙara mata kaɗan-kaɗan har ta kai 16 ko 18. Ba sai ka cika 21 kafin ranar ba. Gudun da za ka iya hira a cikinsa ba tare da haki ba, in ya yi tsanani ka taka da ƙafa. Makon ƙarshe a sassauta.

Tsohon Soja: Malam Koci, kai ka taɓa ƙarasa 21 ɗin, ko a YouTube ka gani?

Koci: Yallaɓai, na yi atisaye da yaran Pankshin, 'yan gudun nan na jihar Filato, wata uku. Kai kuma tsere ɗaya ka yi.

Tsohon Soja: Ɗaya, amma da ƙafata.

Mai Shayi: Kipchoge, gwanin gudun nan ɗan Kenya, ya yi kilomita 42 ƙasa da awa biyu a 2019, ku rabi kuke wa wannan rigimar. Ni rabona da gudu tun ranar da kare ya biyo ni a Ɗorayi, kuma ranar ko Kipchoge bai isa ba.

Maman Biyu: Ku da kuke maza ma kenan. Na yi kilomita 10 a gudun Legas na watan Fabrairu, babu wanda ya kalle ni. Amma a unguwarmu, da hijabina har gwiwa, sai an ce "Hajiya lafiya, wa ya biyo ki?" Yanzu harabar wata makaranta nake zagayawa, zagaye 25.

Na Zariya: Ni masu adaidaita ne matsalata. Da duhun Asuba ba fitila, ɗaya ya goge ni da madubi, ya kuma leƙo yana cewa in bar musu titi.

Baban Hanifa: Na gode ƙwarai. Amma maganar gwiwar fa? Gobe Alhamis.

Ɗan Fagge: Na Zariya, ai gefen titin ma 'yan tebur sun cinye. Ina ake so mutum ya taka?