Me za mu kira "kodek" da Hausa?

Salamu alaikum. Ana yawan tambayar me ya sa iyafis mai igiya ya kan fi na Bluetooth daɗin sauti, kuma bayanin ba ya yiwuwa sai an ambaci kodek. Sauti mai ingancin faifan CD yana cin kilobit 1,411 a sakan ɗaya, Bluetooth kuwa ba ya iya ɗaukar wannan. Dole waya ta rage shi kafin ta tura, iyafis ya buɗe shi a kunne. Abin da ke wannan aiki, wato kodek, nake nema wa suna. Na fara da "matsi".

Wa alaikumus salam, Malam. Matsi rabin aikin ne kawai, ya bar buɗewar. Kuma waya da iyafis sai sun yi tarayya a kan iri ɗaya. In wayarka na da kodek ɗin da ake kira LDAC amma iyafis bai san shi ba, sai su koma wanda duka biyun suka sani, galibi SBC, wanda bai cika wuce kilobit 328 ba. Ina ganin ƙullawa da kwancewa ne, kamar ƙullin gishiri a leda.

To ai in muka bi ta ƙulli, sunan zai fita "maƙulli", kowa kuwa zai ɗauka na ƙofa ne. Ni "maƙunshi" na zaɓa. Abin da aka ƙunsa dama don a buɗe ne. Sai mu ce maƙunshin SBC, maƙunshin aptX na kamfanin Qualcomm mai kilobit 352, maƙunshin LDAC na Sony da ke kaiwa 990. iPhone kuwa AAC yake amfani da shi.

Maƙunshi ya zauna, ranka ya daɗe, amma da saura. Goron da aka ƙunsa a ganye yana fitowa yadda ya shiga. Waɗannan kuwa suna zubar da wani ɓangare na sautin, wanda aka ƙiyasta kunne ba zai lura da shi ba, kuma ba ya dawowa. Tankaɗe ke nan: gari ya wuce, tsaki ya tsaya a rariya. A ce "maƙunshi mai tankaɗe", wanda ba ya zubar da komai kuma "marar tankaɗe". LDAC ma yana tankaɗe. In cunkoso ya yi yawa a zangon rediyo na 2.4 GHz da yake rabawa da Wi-Fi, sai ya sauka zuwa 660 ko 330.

Na karɓa, mun tsaya a nan. Sai dai kada a ɗora wa maƙunshi laifin kowace matsala. Muryar da ke dusashewa lokacin kira daban ce: da makirufo ya buɗe, Bluetooth kan koma layin kira mai tasha ɗaya, wato sauti ɗaya ne a kunnuwa biyu. Mai son ganin maƙunshin da wayarsa ta Android ta zaɓa, ya taɓa lambar "Build number" sau 7, ya shiga "Developer options" iyafis na haɗe, ya duba layin kodek na Bluetooth.