Ciwon kwankwaso da gajiya sun hana ni sakat, ina so in rage shan ƙwaya

Mai Keken Ɗinki ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni tela ce, shekaruna sun ɗan haura 40, kuma wuni nake yi a zaune kan keke. Ciwon kwankwaso ya daɗe yana damuna, amma abin da ya fi tayar min da hankali yanzu shi ne gajiya. Sai in kwana in tashi jikina a mace, kafin rana ta yi tsaka idona ya fara rufewa a kan aiki. Ibuprofen nake sha kusan kullum don in samu in gama ɗinkin mutane, ga shi cikina ya fara zafi, ƙwannafi ba ya barina. Shayi kuwa ba a magana, shi ke riƙe da ni har dare.

Wata abokiyar aikina ta kawo min wani garin magani a roba, babu suna babu takarda, ta ce cokali ɗaya take sha ciwo ya ɗauke cak. Ban taɓa shi ba tukuna. Don Allah waɗanda suka sani, akwai hanyar da mutum zai bi ya samu sauƙi ba tare da ƙwaya kullum ba?

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Wa alaikumus salam. Sannu Anti, Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai gajiyar nan ce ta fi tsaya min a rai, don ciwon bayan mai zaman keke sananne ne, amma gajiyar da barci ba ya kore ta tana da dalili, kuma sai an nemo shi. Ki je a auna jininki. A wajen mata, ƙarancin jini yana cikin manyan dalilai, musamman idan al'ada tana zuwa da yawa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne, macen da ba ta da ciki idan himoglobin ɗinta, wato sinadarin da ke sa jini ya yi ja, ya gaza giram 12 a kowace desilita ta jini, tana da ƙarancin jini. Su ibuprofen da diclofenac kuma idan aka daɗe ana sha suna iya ƙuje bangon ciki, jini ya riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan mutum bai sani ba. Kin ga ke nan mai yiwuwa ƙwayar da kike sha don ki iya aiki tana cikin masu zuƙe miki ƙarfi. Idan kika ga bayan gida ya yi baƙi ƙirin, ranar za ki tafi asibiti, kada ki jira. Tunda kin je, ki ce a haɗa da gwajin suga da na ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod.

Sai shayin. Sinadarin kafin da ke cikinsa yakan ɗauki kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, wanda kika sha da yamma yana nan tare da ke a kan gado. Ga shi kuma shayi yana hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke buƙata don yin jini, idan aka sha shi tare da abinci. Ki mayar da shi na safe, ki ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu da cin abinci. Babba yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9.

Tsohon Direba ya amsa:

Ƙanwata, zaman mota da zaman keke duk jirgi ɗaya ne ya kwaso mu. Da ciwon ya matsa min, kwanciya na yi ta yi, bayan sai ƙara sandarewa yake. Likitan gashin ƙashi ne ya ce min in tashi in yi tafiya, har raina ya ɓaci, na ce mutum yana ciwo ana cewa ya yi yawo. Ashe nan maganin yake. Abin da ake so ga babba shi ne motsa jiki na minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, tafiya mai ɗan sauri da za ta sa numfashi ya ɗaga amma kina iya magana. Kada ki fara da rabin awar, minti 10 ma ya isa a farko. A wajen aiki kuma ki riƙa miƙewa duk bayan rabin awa ko da zare za ki ɗauko. Ki duba kujerarki, ƙafa ta taka ƙasa sosai, ki naɗe tawul ki sa a bayan ƙugu. Da dare ki zuba ruwan ɗumi a gora, ki naɗe da zane ki ɗora minti 15 zuwa 20. Ɗamarar baya da ake sayarwa kuwa na saya, zufa kawai ta tara min.

Mai Shagon Magani ya amsa:

Hajiya, garin nan na roba nake so mu yi magana a kai. Ba na raina itatuwa, asfirin ma asalinsa daga sinadarin ɓawon wata bishiya aka samo hanyarsa. Amma duk haɗin da ba a rubuta abin da ke ciki ba, kuma aka ce yana ɗauke ciwo nan take, ina zarginsa. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama irin waɗannan an cakuɗa su da dexamethasone ko diclofenac. Mai sha zai ji garau, ya yi ta cin abinci, fuska ta cika, a ce ya yi ƙiba, alhali suga da hawan jini suna hawa, ƙashi yana lalacewa. Mafi muni, wanda ya daɗe a kai ba a so ya bari farat ɗaya, don jiki yana da nasa sinadarin mai aiki irin na dexamethasone, kuma ya riga ya rage yin sa. Ki gaya wa abokiyar taki ta je da robar wajen likita.

Abin da Baba Direba ya faɗa kan ɗamara ya yi daidai da ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 kan ciwon baya mai daɗewa. Ba ta goyi bayan ɗamara ba, ba ta goyi bayan magunguna irin su tramadol ba. Ta amince da motsa jiki, da tausa, da maganin Sin na tsira siraran allurai a fata. Sauƙin da tausa ke bayarwa ba ya daɗewa, amma sauƙi ne. Idan sai kin sha wani abu, man shafawa ya fi sauƙi ga ciki. Parasitamol ba ya cin ciki, sai dai kada ya wuce giram 4 a yini, kuma ƙarfinsa a kan ciwon baya kaɗan ne. Ƙwayoyin kurkum da ake yayi ma ki yi hattara, an samu waɗanda suka taɓa musu hanta, kuma ba sa jituwa da maganin tsinka jini.

Idan ciwon ya zo da zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko ƙafa ta mutu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, wannan ya wuce ruwan ɗumi.

Mai Keken Ɗinki ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar al'ada da 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta yi haka take, tana zuwar min da yawa, gobe da safe zan je gwajin in sha Allahu. Baba Direba, kujerata ba ta da majingina, benci ne. In sa kafinta ya yi mata baya ne, ko in nemi wata gaba ɗaya?