Kauɗar sitiroberi

Maman Hanif: Jama'a yau an ci kuɗina ina ji ina gani. Yarinya ta ishe ni sai na sayo mata busasshen sitiroberin nan na leda da ake yayi, dubu shida fa, na ɗaga ledar kamar iska ce a ciki, na jefa ɗaya a baki ya narke sai tsami ya bar ni da shi. Ashe kauɗa na sayo. Wallahi damfara ce.

Anti Bilki: Haba Maman Hanif, kauɗa fa kika ce? Kauɗa a bakin kwalta ake shanya ta, ga ƙura ga ƙuda. Wannan daskarar da shi ake fara yi sannan a sa a inji a zuƙe iskar, ƙanƙarar ta tashi ta bi iska ba tare da ta narke ba, shi ya sa jan nan da surarsa suke nan. Kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na ɗanyensa ruwa ne, kilo guda ai sai ya dawo wajen giram 100, dole leda ta yi shafal.

Ummu Sadik: Ba dai ruwan aka cire ba? Kauɗa ce mai digiri 😂

Hajiya Babba: Ku yaran yanzu, kauɗa ai busasshen goro ne tun fil azal, tumatir aron sunan ya yi.

Ummu Sadik: Allah ya ja kwana Hajiya, amma mu a miya muka san ta.

Maman Zee: Ni dariya ma kuke ba ni, mu nan Jos a Chaha ake nomansa, ɗanye muke ci. Kanawa dai da son kayan leda.

Ummu Sadik: Ɗanyen da kafin ya iso Kano ya dame a mota? Kuma a bar saka Kanawa a ciki don Allah.

Maman Hanif: Wai Anti Bilki ba ke na ga kin ɗora irinsa a sitatus kina talla ba?

Anti Bilki: Sana'a ai ba laifi ba ce. Kuɗin ankon da aka karɓa tun ƙaramar sallah ne dai har yau shiru.

Maman Iman (admin): Ya isa haka. Abin da aka tsayar shi ne kauɗa ce, kusan kowa ya yarda, kuma dabino ya fi shi albarka da ƙosarwa, masu so akwai ɗan Agadas a wurina. Maganar anko a biyo ni ta gefe.