Muhawara kan Erkin Koray: wa ya manta da shi?

Ɗalibi a Istanbul: Jama'a, yau raina ya ɓaci. Na shiga wani shagon tsofaffin faya-fayai a Kadıköy, unguwar da aka haifi makaɗin Turkiyya Erkin Koray a 1941, na ɗauko faifansa na 1974, Elektronik Türküler, sai mai shagon ya ce mini galibin masu neman sa baƙi ne daga Turai. Mutumin da ya ɗora waƙoƙin gargajiyar Anatoliya, ɓangaren Turkiyya da ke Asiya, a kan jitar lantarki, wanda Turkawa da bakinsu suke kira Erkin Baba, ya yi shekaru yana gudun hijira tsakanin Jamus da Holan da Kanada, har ya rasu a Toronto a Agustan 2023. Ni dai na ce Turkiyya ba ta san darajarsa ba.

Malamin tarihi: Ƙanena, ka gyara kalmar "hijira". Wanda ya yi gudun hijira shi ne mawaƙi Cem Karaca, da ya tafi Jamus ta Yamma a 1979, sojojin da suka yi juyin mulkin 1980 suka neme shi ya ƙi dawowa, aka ƙwace masa takardar zama ɗan ƙasa a 1983, bai taka Turkiyya ba sai a 1987, zamanin Firayim Minista Turgut Özal. Shi kuwa Koray da ƙafarsa ya fita, yana kuma dawowa duk lokacin da ya ga dama.

Ɗalibi a Istanbul: Malam, wanda rashin kasuwa ya kora daga gida, ai shi ma korarre ne.

Malamin tarihi: Wannan sunansa cirani, kuma ba abin kunya ba ne.

Hajiya mai sayar da atamfa: Ni abin da ya dame ni daban ne. Hijira kalma ce mai nauyi a wurin Musulmi, bai kamata a riƙa jingina ta ga makaɗi mai gashi har kafaɗa ba.

Tsohon ɗan jarida: Hajiya, ki yi haƙuri, amma kullum gidajen rediyo suna cewa "'yan gudun hijira" a kan mutanen da yaƙi ya raba da garuruwansu, ba mu taɓa jin kin yi ƙorafi ba. Da alama gashin ne ya tsone miki ido.

Hajiya mai sayar da atamfa: Alhaji, kai da ka yi rabin rayuwarka kana yabon mawaƙan Indiya, kada ka koya mini Hausa.

Ɗalibi a Istanbul: Don Allah a koma kan kiɗan. Akwai wanda ya saurari faifan a cikinku?

Tsohon ɗan jarida: Ban saurara ba, amma na san ba zai kai gurmin gida daɗi ba.

Mai kula da zaure: Tunda dare ya yi, ga abin da aka cimma. An yarda cewa Koray bai yi hijira ba, don haka ƙorafin ɗalibinmu ya faɗi. A ganina ma, da ana maganar wanda ya fitar da sunan Turkiyya waje, mawaƙi Barış Manço ya kamata a ambata tun farko, mutumin da ya zauna a Beljiyam, ya cika zaure a Japan, kuma da ya rasu a 1999 dubban mutane suka raka gawarsa a Istanbul. Na rufe wannan zance.

Ɗalibi a Istanbul: Yallaɓai, babu wanda ya kawo sunan Manço a nan sai kai.