Wane irin baka ake yarda da shi a gasa?

Mai_Kwari: Salam 'yan uwa, dan Allah a gasar harbin kibiya ta hukumar duniya, wato World Archery, mutum zai iya shiga da baka mara na'urar saiti?

Danliti: Eh mana, ajin barebow kenan, ba saiti ko alama a jikin bakan, kuma dole ya wuce ta zobe mai faɗin santimita 12.2, ana harbi daga nisan mita 50.

Uwar_Hanan: A Olamfik kuwa recurve ne, wato baka mai lanƙwasassun bakuna biyu zuwa gaba, nisa mita 70, akwai saiti amma da yatsu zaka saki tsirkiya, na'urar saki sai 'yan compound, wato baka mai 'yan ƙafafun juyawa a bakunansa, su ma nauyin jan kar ya wuce fam 60.

Mai_Kwari: Na gode ƙwarai, barebow ɗin zan fara.