Yawan ambaton maƙalun Starzl a kan dashen hanta: me lambar take nunawa?

Sadiya_Hanta:
Assalamu alaikum. Ina horon ƙwarewa a ɓangaren cututtukan ciki, ina kuma haɗa babin bitar ayyukan magabata na kundina a kan ciwon hanta. Kusan duk maƙalar da na buɗe a kan dashen hanta, da na gangara wajen manazarta sai na ci karo da sunan Thomas Starzl. A 1999 cibiyar ISI ta Amurka, mai ƙidayar yadda masana ke kafa hujja da aikin juna, ta ce shi aka fi ambato a fannin likitancin asibiti. Maƙalunsa sun haura 2,000. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, likitan tiyata da ke kwana tsaye a ɗakin fiɗa, yaushe ya zauna ya rubuta wannan duka? Nauyin aikinsa lambar take nunawa, ko yawan yaran da ke ƙarƙashinsa? Na damu ne don mu ma da wannan ma'aunin ake duba mu wajen ƙarin girma.

Dattijon Tiyata:
Wa alaikumus salam, 'yata. Duka biyun ne, amma ki fara da tarihin. A 1963, a birnin Denba na Amurka, Starzl ya fara gwada dashen hanta a jikin ɗan Adam. Yaro ne ɗan shekara 3, jini ya ƙi tsayawa, ya rasu a kan teburin tiyata. Waɗanda suka biyo baya ma ba su daɗe ba, har aka dakatar da aikin. Sai a 1967 aka samu yarinyar da ta rayu fiye da shekara. Ko bayan haka, galibin waɗanda aka yi wa dashen ba sa cika shekara, jiki yana ƙin karɓar baƙuwar hanta. Da likita Roy Calne na Kambirij a Ingila ya shigo da cyclosporine, maganin hana jiki ƙin abin da aka dasa, Starzl ya haɗa shi da steroid, sannan al'amari ya juya. Starzl ya koma birnin Pittsburgh a 1981, a 1983 taron masana a Amurka ya amince cewa dashen hanta ya wuce matsayin gwaji, a 1989 kuma ƙungiyarsa ta fitar da sakamakon tacrolimus, wani sabon maganin hana jiki ƙin dashe. Duk wanda zai yi rubutu a fannin dole ya bi ta kansa. Sai dai ki lura, shekarun da ya fi shan wahala, yana binne marasa lafiya ana sukarsa, su ne shekarun da babu wata lamba da za ta tsaya masa.

Malam Laburare:
Ranka ya daɗe, na yarda, amma zargin Likita Sadiya ma yana da tushe. Maƙalar da mutum goma sha suka sa hannu, ƙidaya tana ba kowannensu cikakken lada, kuma shugaban sashe sunansa na kan kusan duk abin da ya fito daga sashen. Ma'aunin h da Jorge Hirsch ya kawo a 2005, mai haɗa yawan maƙalun mutum da yawan ambatonsu a lamba ɗaya, bai gyara wannan ba.

Ga misali daga fanninki, Likita. Maƙalar Pugh da abokansa ta 1973 tana cikin waɗanda aka fi ambato a ciwon hanta. Batunta tiyatar maƙoshi ce ga masu aman jini. Yau ba don tiyatar ake ambatonta ba, sai don ɗan jadawalin da ke ciki, mai auna tsananin lalacewar hanta da abubuwa biyar, ciki har da ruwan ciki da gushewar hankali. Lambar ba za ta faɗa miki wannan ba sai kin buɗe kin karanta.

Sadiya_Hanta:
Na gode, Baba, na gode Malam. Wallahi jadawalin nan kullum da shi muke zagayen ɗakin marasa lafiya. Abin da ya rage mini shi ne halin marasa lafiyarmu na nan gida. Wanda ke kwance gabana matashi ne, ciki ya kumbura, idanu sun yi rawaya, ciwon hanta nau'in B ya cinye shi tun yana ƙarami bai sani ba, kuma dashe ba ya cikin abin da iyalinsa za su iya. Binciken da aka fara a Gambiya a 1986 kan yi wa jarirai rigakafin wannan cuta ya fi kusa da bukatarsa, Najeriya kuma sai a 2004 ta sa allurar cikin rigakafin yara. Starzl zai samu wurinsa a babin, amma zan ba aikin Gambiya fili mai yawa, ko da ambatonsa bai kai ba. Malam, ta ina zan samo cikakkun maƙalun? Taƙaitawa kawai nake iya buɗewa.

Malam Laburare:
Ki fara da PubMed Central, rumbun maƙalun likitanci na intanet, da yawa kyauta ne a can. Sauran ki tambayi laburaren asibitinku ko suna da rajistar Hinari, shirin Hukumar Lafiya ta Duniya mai buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu tasowa mujallun lafiya, su ba ki lambar shiga.