Zaɓen ciyaman da kansila: me ka gani da idonka a mazaɓarku?

Malamin Firamare: Assalamu alaikum jama'a. Maganar zaɓen ƙananan hukumomi ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ina roƙon duk wanda zai sa baki ya faɗi abin da ya gani da idonsa, a ajiye "an ce" a gefe, kuma inda laifi ne a sakaya sunan mutum da na gari. Bari in fara. An taɓa ɗauka ta aikin malamin zaɓe na wucin gadi. Aka ce mu hallara a sakatariya bayan sallar asuba, amma ba a fito da kaya ba sai da aka kira azahar. An ba ni akwati da takardun ƙuri'a da tawada. Da na tambayi takardar rubuta sakamako, sai aka ce in yi gaba, za a biyo ni da ita. Na isa rumfa na tarar matasa sun watse, sai dattawa a gindin darbejiya da 'yan mata kaɗan. Muka kaɗa, muka ƙirga a gaban kowa, na yago falle a littafin darasi na rubuta abin da aka samu. Har magariba takardar nan ba ta zo ba. Da dare ina zaune da akwatin a ɗakina, ban kai shi ko'ina ba, na ji rediyo yana faɗin wanda ya ci gundumarmu. Wani tsoho da ya dangwala a gabana ya tare ni washegari ya ce, "Malam, ina ka kai ƙuri'armu?" Har yau ban manta da fuskarsa ba.

Tsohon Ejan: Wa alaikumus salam Malam. Kai ka ma ga akwati. Ni ejan ne na jam'iyyar adawa, na yini a rumfa da katin wuya, ko malamin zaɓe ɗaya ban gani ba. Da la'asar muka nufi inda aka ce za a tattara sakamako, muka tarar da ƙofa a garƙame, baturen zaɓe kuma wayarsa a kashe. Ɗan takararmu gonarsa ya jinginar ya sayi fom. Aka ce ya tafi kotun ƙararrakin zaɓe. Lauya ya tambaye shi takardar sakamakon rumfa ko guda, ba mu da ita, domin ba a rubuta ba balle a ba mu kwafi. Nan maganar ta mutu.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai da goyo na fita, na tsaya layi tun hantsi. Zaɓen kansila ya fi damuna fiye da na shugaban ƙasa, saboda famfon unguwarmu da ɗakin shan magani su ne rayuwata, kuma kansila na san gidansu, na san mahaifiyarsa. Da rana ta take aka ce mu koma gida, an gama. Na dubi babban yatsana babu tawada. Zagaye na gaba da aka zo ana shela, maƙwabciyata ta ce in zo mu je, na ce ta gaishe su.

Ɗalibin Lauya: Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Ni nawa abin da na gani a takarda ne, amma shi ne tushen abin da kuka gani a rumfa. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce dole a tafiyar da ƙananan hukumomi ta hannun zaɓaɓɓu. Sai sashe na 197 ya kafa wa kowace jiha hukumar zaɓenta. Gwamna ne ke naɗa shugabanta da mambobinta, majalisar dokokin jiha ta amince, kuɗin aikinta daga gwamnatin jiha yake fitowa, dokar da za ta bi kuma majalisar jiha ce ke yi. Daga INEC, hukumar zaɓe ta ƙasa, rajistar masu zaɓe kawai ake karɓa. Ku dubi Kano mai ƙananan hukumomi 44: a 2018 da 2021 APC ce ke mulki, ita ta lashe duka. A watan Oktoban 2024 NNPP ce ke mulki, ita ma ta lashe duka 44. Wannan ya nuna mini ba halin jam'iyya ɗaya ba ne, duk wanda wuƙa da nama suka zo hannunsa haka yake yi.

Tsohon Kansila: Zan faɗi nawa ko da za a ga baƙina, don ni ta wannan hanyar na shiga. Zaɓena na gaskiya an yi shi ne a falon wani babba a jam'iyya, mako uku kafin ranar ƙuri'a. Mu huɗu muke nema, aka ce an yi maslaha, sunana ya fito. Tun daga ranar mutane suka fara zuwa yi mini murna. Na yi niyyar aiki, Allah ya sani. Amma da na kai kuka kan rufin aji biyu da iska ta yaye, ciyaman ya ce mini shi ma sai ya rubuta sama ya jira. A zama na farko da na ɗaga murya, wani ya ja ni gefe ya tuna mini wanda ya sa sunana. Na yi shiru, kuma shirun nan yana damuna har gobe. Da mutanen gundumata ne suka ɗora ni, da su zan ji tsoro.

Mazaunin Gwagwalada: Ranka ya daɗe, ka yi namijin ƙoƙari da ka faɗi wannan. Mu a Abuja ba mu da gwamna, INEC ce ke yi mana zaɓen ƙananan hukumominmu shida. A watan Fabrairun 2022 na fita na yi. Mutane ba su fito sosai ba, na'urar tantancewa ma ta ba da wahala a wasu rumfuna, amma an ƙirga a gabanmu, ejan-ejan suka sa hannu, kowa ya karɓi kwafinsa. APC ta ci uku, PDP ta ci uku, har da ta cikin birni, alhali APC ke mulkin ƙasa. 'Yan takara sun bi mu gida-gida suna roƙo, domin ba su san yadda za ta kaya ba. Ni ina tare da masu cewa a miƙa wa INEC zaɓen duka ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan.

Bazazzagi: Ɗan'uwa, a nan na ɗan saɓa maka. Jiha ma tana iya yin abin kirki in ta so. A 2018, zamanin El-Rufa'i, Kaduna ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura, ita ce ta farko a Najeriya. Na je na ga tambarin jam'iyyu a allo, na danna nawa da hannuna. Ba a rasa ƙorafi ba, amma 'yan adawa sun ci wasu kujerun ciyaman, haka ma a 2021. A 2024 aka koma takarda, jam'iyya mai mulki ta ɗauke duka 23. Abin da ke ba ni tsoro da INEC shi ne, shugaban ƙasa ke naɗa shugabanta. Kada mu ƙwace daga hannun gwamna mu kai wa Abuja, har kansilan ƙauyenmu ya zama sai wanda yake da ƙafa a can.

Ɗalibin Lauya: Duk ku biyun kuna da hujja. Sai dai a sani, hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 bai taɓa hukumomin zaɓen jihohi ba. Ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya kuma haramta naɗa kantomomi, shi ya sa jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe a watannin da suka biyo baya. Sauya mai shirya zaɓen kuwa sai an gyara kundin tsarin mulki, kuma bayan Majalisar Tarayya sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun yarda. Ku tuna su wa ke da faɗa a ji a waɗannan majalisu.

Malamin Firamare: Na gode muku ƙwarai, musamman Baba tsohon kansila. Bazazzagi, tsoronka na gane shi, ni ma ban gama yanke shawara kan INEC ba. Abin da na yanke a kaina dai shi ne, in an sake kira na aikin nan, ba zan ɗaga akwati daga sakatariya ba sai takardar sakamako tana hannuna, ko da za a hana ni alawus. Hajiya Maman 'Yan Biyu, ina roƙonki kada ki jefar da katinki. Akwai wanda ya yi aikin baturen zaɓe na gunduma a cikinmu? Ina son jin inda takardun nan suke kwana.